Notin da Tsatsa Ta Riƙe

Tun hantsi nake ƙarƙashin motata a ƙofar gidanmu na unguwar New Bell a Douala, ina fama da notin shokozoba da tsatsa ta cinye. Hadari ya haɗu, gobe kuma ina da kaya zuwa Ndokoti. Da na buɗe kananzir, warinsa ya tuna mini da marigayi Kawu.

Shi ba ya dukan ƙarfe. Sai ya jiƙa tsumma da kananzir, ya naɗe notin, ya koma benci yana cin goro. Wata rana ina ta kai-kawo a kansa, na ce, "Kawu, yamma fa ta yi!"

Ya ce, "Doucement, a hankali, ɗana. Damshin Douala ya daɗe yana ɗaure shi. Bar shi ya sha."

Da ya tashi, sai ya fara ƙara ɗaure notin kaɗan. Muka ji ƙas, sannan ya kwance shi da hannu ɗaya.

Yau na naɗa tsumman, amma na kasa zama. Bencin yana nan, babu mai zaunar da ni. Allah ya haskaka kabarinsa, ni kuma ya ara mini haƙurinsa kafin ruwan nan ya sauko.