Mai Kumatun Kwangila

A tashar Boɗinga na zube na gaida wani mutum har wandona ya yage, don kawai na ga kumatu. A wannan shekara ta tsuke bakin aljihu, da shinkafa ta koma sai mai uwa a jam'iyya, duk mai fuska kamar faifai ai ɗan kwangila ne.

Yana zaune yana jiran motar garin Shagari, wuya ya cika, ƙafafu kuwa kamar karan dawa. Ƙirjinsa yana busa usur. Ya ciro farar ƙwayar asma daga cikin hularsa, irin wadda ke buɗe ƙirji ta kumbura jiki. Yana juya ta, yana shafa kuncinsa. Sai daga baya na yi tunanin ƙila manomin albasa ne daga Lambara, wanda dangi suka daina tausaya wa tunda ya yi "ƙiba". Ya sa farce zai raba ta biyu, tari ya turnuƙe shi, ya haɗiye ta duka.

Na ce, "Ranka shi daɗe, a tuna da talakawa ranar rabo."

Sai da numfashinsa ya dawo ya ce, "Bawan Allah, iska nika biɗa tun safe, ita ma ka tsaya ka tare. Gusa."