Malam Ayuba Mai Duba Makarantu

A shekarun da ake gina madatsar ruwa ta Bakolori, kowa a Talata Mafara ya san ƙarar mashin ɗin Malam Ayuba, amma ba kowa ke murnar jin ta ba. Dogon mutum ne siriri, ba mai yawan magana ba. Ya daɗe yana hedimasta a Morai kafin a mai da shi ofishin ilimi. Matarsa Shatu ta rasu tun kafin a fara aikin dam, 'yarsu guda kuma tana aure a Gusau. Shi kaɗai yake zaune a gidan haya bayan tasha, abincinsa daga wata tsohuwa maƙwabciya ake aiko masa.

Lokacin nan garin ya cika ya batse. Direbobin manyan motoci, masu walda, kafintoci da akawu sun zo daga ko'ina da iyalansu. Firamaren gwamnati ta kasa ɗaukar yara, har a gindin bishiya ake karatu. Sai masu hali suka shiga buɗe makarantun kuɗi, wasu a shaguna, wasu a zaurukan gidaje. Wata ta buɗe a wajen Damaga, ta rufe rana tsaka saboda an kasa biyan malamai, yaran da ke shirin jarrabawar shiga sakandare suka tashi a banza. Daga nan ofis ya ce ba za a ƙara yi wa makarantar kuɗi rajista ba sai an aika wani ya duba ko za ta iya ɗorewa. Malam Ayuba aka ɗora wa aikin, tun daga Mafara zuwa Bakura har Maradun.

Idan ya isa makaranta, bai cika damuwa da fentin bango ba. Sai ya ja malami gefe ya tambaye shi yaushe rabonsa da albashi. Ya tambayi ko ginin na mai makaranta ne ko haya. Ya tambayi mai makarantar da me zai riƙe ta idan iyaye suka kasa biya. A Bakura akwai wani dattijo da ke ciyar da makarantarsa da albasa da shinkafar fadamarsa. Malam Ayuba ya taka har fadamar, ya ga tun da aka tare gulbi ambaliya ta daina isowa, ƙasa ta tsage. Ya dawo ya gaya wa dattijon cewa in bai nemi abokan haɗin gwiwa ba, makarantar ba za ta kai baɗi ba. Dattijon ya ji haushi, ya ce baƙin baki aka yi masa. Da makarantar ta rufe, mutane ba su ce Malam Ayuba ya hango ba, cewa suka yi bakinsa ne ya kama ta. Daga nan, in ya zauna a teburin mai shayi, hira takan mutu.

Mutum guda ya rage masa, Alhaji Hayatu, dillalin shanu ɗan Maradun. Tare suka yi karatun allo a unguwar da ruwan dam ya ci daga baya. Duk ranar Talata, in kasuwa ta watse, Hayatu yakan zo masa da tsire a takarda, su baje tabarma a ƙofar gida. Hayatu na tsokanarsa da gwauranci, shi kuma yana cewa Hayatu bai iya karanta ko lambar motarsa ba. A mako duka, ranar ce kawai ake jin dariyar Malam Ayuba.

To, shi ma Hayatu sai ya gina makaranta a hanyar da ta nufi wurin aiki. Ya sayar da shanu da dama, ya yi ginin bulo da rufin kwano, ya ɗauko malamai har daga Zariya. Babu irinta a yankin. Ranar da Malam Ayuba ya je dubawa, Hayatu da kansa ya tarye shi a bakin ƙofa, yana ta fara'a.

Malamai sun ce ana biyansu kan kari. Gini na Hayatu ne. Komai ya yi daidai, har Malam Ayuba ya shiga aji ya ce duk wanda ubansa ke aikin dam ya ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi kamar gero a gona. Ya ce to ɗan gari ya ɗaga. 'Yan ƙalilan ne, can baya. Haka ya tarar a kowane aji, domin kuɗin makarantar ya fi ƙarfin manomi, sai mai albashin kamfani.

Da suka keɓe a ofis, ya ce, "Hayatu, makarantar nan a kan baƙi take tsaye. Ranar da aka gama dam, za su kwashe ɗiyansu su tafi. Wa zai zauna a bencinan nan?"

Hayatu ya yi dariya. "Kai dai ba ka rabo da tsoro. Aikin ga ko jikokinmu sai sun iske shi."

"Ba a gina abu har abada. Ka rage kuɗin, 'yan gari su shigo. Ka dakata da sabbin azuzuwan da kake shirin ƙarawa. In ka yi haka, da hannuna zan rubuta a ba ka rajista."

"In ban yi ba fa?"

"Zan rubuta abin da na gani."

Hayatu ya dube shi. "Ni za ka yi ma wanga, Ayuba? Mi na yi maka?"

Malam Ayuba ya so ya ce saboda kai ne ma na fi jin tsoro, amma sai ya ɗauki hularsa ya fita. Ya rubuta abin da ya gani, ofis ya jinkirta rajistar. Talatar da ta biyo baya ya shimfiɗa tabarma kamar kullum, ya zauna har aka kira magariba, sannan ya naɗe ta ya shiga ciki.

Hayatu bai rage ko kwabo ba. Ya ƙara sayar da shanu, ya gina sabbin azuzuwan. Shekaru kaɗan makarantar na ta bunƙasa, har wani sabon shugaba ya zo ofis ya ba ta rajista. Mutane suka riƙa cewa hassada ce ta sa Malam Ayuba ya juya wa amininsa baya. Shi kansa, in ya wuce ta gaban makarantar ya ji muryoyin yara, yakan roƙi Allah ya sa shi ne ya yi kuskure.

Sai aikin ya ƙare. Aka fara sallamar ma'aikata, motoci suka riƙa fita daga gari ɗauke da katifu da tukwane. Kafin zangon karatu ya ƙare, malaman Zariya sun koma gida, makarantar Hayatu ta rufe. Malam Ayuba bai jira an aike shi ba. Ya bi gidajen 'yan garin da suka rage ɗaya bayan ɗaya, ya roƙi hedimastoci, ya sama wa kowane yaro gurbi a Mafara ko Bakura don kada jarrabawa ta wuce su. Wani ɗan kasuwa ya karɓi ginin ya mai da shi wurin ajiye taki.

Sau ɗaya suka ƙara haɗuwa da Hayatu, a kasuwar Maradun, wajen turken shanu. Hayatu ya rame, yanzu dillancin dabbobin wasu yake yi. Ya miƙa wa Malam Ayuba hannu, ya gaishe shi gaisuwa cikakkiya: ina gajiya, ina gida, ina aiki, ina labari, yaya muka ji da zafi. Bai tsallake ko ɗaya ba, kamar yadda ake gaida baƙon da ake girmamawa. Malam Ayuba ya amsa duka. Ya jira ko tsokana guda za ta biyo baya. Hayatu ya ce, "To Malam, a sauka lafiya," ya juya wajen wani bijimi.

Da Malam Ayuba ya yi ritaya ya koma Morai, ya sayar da mashin, ya kama noman 'yar gonarsa. Rasuwar Hayatu ma a bakin wani mahauci ya ji ta, bayan an yi sadakar bakwai. Ya shiga motar haya ya tafi Maradun ta'aziyya. Lantana, matar marigayin, ta amsa gaisuwarsa daga bayan labule. Da ya yunƙura zai tashi, sai ta ce, "Malam, akwai jikanmu da za a sa makaranta. Uban na son wata sabuwa da aka buɗe a Mafara, ni ko hankalina bai kwanta ba. Ko za ka duba muna?"

Ya ce mata ya daɗe da barin aiki, ba wanda zai buɗe masa ofis yanzu. Ta ce ta sani. Sai ya tambayi sunan makarantar da unguwar da take. A hanyar komawa bai wuce Morai kai tsaye ba. Ya sauka a tashar Mafara, ya tambayi wani mai faci hanya, ya kama tafiya a ƙasa yana dogara sandarsa.