Ranar da Inna Ta Ƙi Sauka Daga Jirgi

Ni mai walda ne. A Gummi na koyi sana'ar, a rumfar kawuna, inda muke haɗa ƙofofi muna gyara injinan ban-ruwa na manoman fadama. Da neman abinci ya kai ni babban birni, sai na samu shiga cikin masu aikin ƙara tsawon layin jirgin ƙasa na cikin gari, wanda ake ja zuwa unguwannin bayan gari inda irinmu ke zaman haya. Ban taɓa sa hannu a dogon kansa ba. Aikina rumfunan tasha ne, da ƙarfen da mutum ke dafawa in zai hau matakala.

Inna ba ta taɓa yarda da wannan bayani ba. Duk zuwan da na yi gida sai na tarar ta gaya wa maƙwabta jirgi nake ƙerawa. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, sai dai ta ce "wanga".

"Inna, rumfa nake yi, ba jirgi ba."

"To rumfar ta wa ce? Ba ta jirgin ba ce?"



A shekarar da aka gama aikin ne yanar ido ta rufe wa Inna gani. Bayan an yanke shinkafa na zo na ɗauke ta don a yi mata aiki a birni. Muka bi ta Anka muka fita Gusau, tana rungume da ƙunshin busasshen kifi da ta kawo wa matata, ta hana a sa shi bayan mota. Aka yi aikin ido ɗaya lafiya. Duk zirga-zirgar asibiti a mota muka yi ta, don ina tsoron turereniyar tasha. Ranar da likita ya duba ya ce idon ya yi kyau, muna fitowa ta tsaya.

"Yau ba ni shiga mota. Kai ni ga jirginka."

Tasha mafi kusa tana cikin waɗanda na yi wa aiki. Ta dafa ƙarfen matakala tana hawa a hankali, sai na ga ta tsaya, tana murza wani mahaɗi da babban yatsa.

"Wa ya yi nan?"

"Ni ne, Inna."

"Bai yi sumul ba. Zai kama ma mace gyale."

Gaskiyarta ce. Na tuna ranar da na yi shi, ana ta ɗaga mana murya mu gama. Mutane nawa suka bi ta wurin, ba wanda ya ce uffan sai mai ido ɗaya. Washegari na koma da abin guga na goge shi.

Da jirgi ya tsaya ƙofa ta buɗe da kanta, Inna ta yi bisimilla ta sunkuya za ta cire takalmi. Na riƙe hannunta na ce ba a cirewa. Ta dubi ƙasan taragon ta ce ya fi ɗakin wasu tsabta, amma ta shiga da su.

Ta samu kujera jikin taga, kusa da wata Bafillatana mai tallan nono wadda ta ɗora ƙwaryarta a cinya, ta sayar tana komawa gida. Matar ta ji Inna ta ce mini, "Mi a wancan dogon gini?" sai ta juyo da sauri.

"Inna, daga ina kike?"

"Gummi."

"Allahu akbar! Ni ɗiyar Bukkuyum ce."

Suka gaisa da Hausa, suka sake gaisawa da Fillanci, wanda Inna ta tsinta wurin maƙwabtanmu makiyaya. Matar ta ce aure ya kawo ta, rugarsu na bayan tasha ta ƙarshe. Kafin jirgi ya iso wajensu, mota uku take hawa ta shiga gari, kuma sau da yawa kafin ta kai nonon ya yi tsami. Yanzu sai ta gama tatsa a natse sannan ta fito.

Inna ta nuna ni da haɓa. "Wanga ne ya yi shi."

Na buɗe baki zan gyara, ta harare ni da sabon idon, na rufe.

Muka bar manyan gine-gine muka shiga unguwannin da ake kan ginawa, tulin bulo da yashi ko'ina. Can wani kwari ya bayyana, an shuka shinkafar rani a cikinsa. Inna ta manna goshi a gilashi.

"Dubi dashe don Allah! Sun cushe ta kamar ba su son ta haihu."

Aka zo tasharmu na miƙe na ce mun iso. Ba ta ko motsa ba.

"Ban gama gani ba. Zauna."

Na zauna. Muka je har ƙarshen layi, inda dogo ya ƙare a gaban wani tudu, shanu na kiwo a gefensa. Matar ta sauka, amma sai da ta ba Inna saƙo: tana da wa mai sayar da awaki a kasuwar Bukkuyum, wayarta ta faɗa ruwa lambarsa ta tafi, a gaya masa tana lafiya kuma ta haifi mace. Ta kwatanta shi, dogo mai wushirya. Na yanko mana wani tikiti muka juyo. Wannan karon Inna ta koma ɗaya tagar, don ta ga abin da ta bari a baya. Ba mu shiga gida ba sai bayan la'asar, matata ta fara leƙe a ƙofa.

Da lokacin komawa ya yi, na ɗauka ta manta da saƙon. Ashe ita ta zaɓi ranar tafiya don ta dace da ranar kasuwar Bukkuyum. Muka sauka a hanya, ta sa ni gaba muka shiga kara, wurin da ake cinikin dabbobi, tana duban bakin mutane ɗaya bayan ɗaya. Mai wushirya na uku shi ne namu. Da ya ji labari ya saki igiyar akuyar da ke hannunsa, sai da wani ya kamo masa ita. Ya sa Inna ta maimaita sau biyu, ya tambaya ko jaririyar da wa take kama. Inna ba ta gan ta ba, amma ta ce da shi.

Ya rubuta lambarsa a takarda, ya sayo kwalbar man shanu ya ce in kai wa ƙanwarsa. Na raka Inna Gummi, na yi kwana huɗu ina taya kawu gyaran injuna, sannan na koma. Sai da na yi safiya uku ina tsayawa a tasha ta ƙarshe da kwalbar a jaka kafin na hango matar tana tahowa, ƙwarya a ka, goyo a baya.