Matar da Ta Cire Takalmi Ta Shiga Kududdufinmu

Da damina ta kankama, rana ba ta gama ɗagowa ba za ka ga keke napep ya sauke ta a Ƙofar Kuyambana. Doguwar mata ce, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali, bokiti mai murfi a hannu, raga mai dogon mariƙi a kafaɗa, takalman roba har gwiwa. Ta gaida masu koko, ta gaida mai faci, sannan ta gangara kududdufin bayan gidanmu ta sa safar hannu. Malama Mildred ke nan, 'yar Wusasa, ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje a wata cibiyar bincike. Yaran unguwa Maman Kwaɗi suke ce mata, kuma tana amsawa. A watan nan ta yi ritaya. Ba a yi taro ba, ba a buga kalanda ba, shi ya sa na ce ni zan yi magana, ko da bakina bai kai ba.

Aikinta kuwa ba mai daɗin ji ba ne. Kwaɗi take kamawa, kaɗan daga kowane kududdufi na cikin ganuwa, ta kai wurin aiki, ta sa su barcin da ba tashi, ta buɗe cikinsu ta duba tsutsotsin da ke zaune a hanji da huhu da mafitsara. Ranar da na fara jin haka tuwon rana bai ciwu ba. Na ce mata, “Malama, duk aikin duniya a rasa na yi sai wannan?”

Ta yi dariya ta ce, “Maman Hanan, kwaɗo ba ya ɓoye inda ya kwana. Wanda ke yawo a tudu yana lasar tururuwa, tsutsarsa daban. Bududdugin da ba ya barin ruwa, tasa daban. Ta rani ba ta damina ba ce, ta babba ta fi ta ƙarami yawa. Ki ba ni kwaɗo, in gaya miki halin da ruwanku yake ciki.”

Na ɗauka hira ce kawai. Ashe ran 'yata ake magana a kai.

Shekarar da abin ya faru, wani mai hali ya yi gini ya toshe hanyar da ruwan kududdufin ke fita. Da, kafin rani ya yi nisa ya ƙafe ƙaf, yara su buga ƙwallo a cikinsa. Wannan karon ruwa ya zauna, kainuwa ta rufe shi, ya yi sanyi ya yi kyau a ido. Mu kuma famfo ya daɗe da mantawa da mu. Can 'yan mata ke wanki, can maza ke iyo. Hanan 'yata, a lokacin tana aji huɗu a firamare, ita ce sarkin ɗauraya.

Sai yara maza suka fara fitsarin jini. Tsargiya. Kun dai san mu: tsofaffi suka ce ai ba komai, alamar ƙarfi ce, yaro ya kusa zama namiji, su ma sun yi ya wuce. Wani ma har tsokanar ɗansa yake wai an girma. Ana cikin haka wata safiya Hanan ta kira ni banɗaki da wata irin murya. Na leƙa, na ga ja. Innalillahi! Na dafa bango. 'Ya mace fa, ƙaramar yarinya. Wane girma za a ce mini ta yi? Tana ramewa, idonta ya yi fari fat, in ta tsuguna sai kuka. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba.

Malama Mildred ta riga mu sani. Kwaɗin kududdufinmu, waɗanda da tsutsar ƙasa ce ta fi yawa a cikinsu, sai ta ga sun cika da wata mai faɗi kamar ɗan ganye, irin wadda ba ta isa jikin kwaɗo sai ta bi ta jikin katantanwa. Wannan ba ta kama mutum. Amma yawanta ya gaya mata katantanwa ta yi gida a ruwanmu. Ta ɗebi katantanwar ta sa a kwalba a rana, ta duba da madubin aikinta mai ƙara girman abu, ta ga wasu daga cikin katantanwar suna zubo 'ya'yan tsutsar tsargiya, waɗanda ke huda fatar mutum su shige ba tare da ya sha ruwan ba. Ta je ta sami mai unguwa, Malam Shehu. Ya saurare ta da mutunci, ya ce za a duba. Ta bi masu wanki tana roƙo su fito. Suka ce to su wanke a ina?

Daga nan magana ta juya. Ban san bakin da ya fara ba, amma kafin mako ya zagayo ta cika unguwa: mace tana zuwa da bokiti a rufe, tana kwashe kwaɗi, yara suna zubar da jini. Wa bai san abin da ake yi da kwaɗo a wurin bokaye ba? Aka kuma kawo hujjar da ta fi kowace kama hankali: ita ba ta taɓa yarda ruwan ya taɓa fatarta ba. Takalmi har gwiwa, safa har gwiwar hannu. In ba ta san abin da ta zuba ba, me take gudu? Aka fara tuna daga inda take zuwa, da sunanta da ba irin namu ba, alhali Hausar bakinta ta fi ta wasunmu, kuma kakanninta a ƙasar nan aka binne su. Na aika mata kada ta zo. An ce mijinta ma ya tsaya a ƙofa ya hana. Ta zo.

Da hantsi ne. Ina tsakar gida na ji hayaniya, na jawo mayafi na fita. Sun yi mata zobe a bakin ruwa, wasu da duwatsu a hannu, na gani da idona. Malam Bala tela ne a gaba, mutumin kirki wallahi, amma ɗansa yana kwance, kuma tsoro ya riga ya cinye masa hankali. Na yi ta kiran sunan Allah. Mai unguwa yana cewa a yi haƙuri, ba mai jin sa.

Malam Bala ya ce, “In ba ki zuba komai ba, cire takalmin nan ki shiga. Shiga kamar yadda 'ya'yanmu ke shiga!”

Ta dube shi ta ce, “Malam Bala, akwai cuta a ruwan nan. Ba ni na sa ba, amma akwai. Kuma yanzu da rana ta ɗago ta fi fitowa.”

“Kun ji ko? Tsoro take ji!”

“Ina ji mana,” in ji ta. “Na fi kowa a nan sanin abin da ke ciki.”

Sai ta zauna a kan dutsen wanki. Ta cire na dama, ta cire na hagu, ta jera su. Ta zare safar hannu. Ta tattare zani ta ratsa kainuwa har ruwa ya kai mata gwiwa, ta juyo ta fuskance mu.

Wuri ya yi tsit. Ba abin da ya faru, kuma shi ne abin tsoron, don ni na san a wannan shirun ake huda mata fata. Mace mai jikoki, tsaye a rana, tana cije leɓe. Na ga dutse ya faɗi daga hannun wani. Can mai unguwa ya ce, “Malama, ya isa. Fito.”

Ta ce, “Ranka ya daɗe, ba zan fito ba.”

“Subhanallahi! Don me?”

“Sai ka yi mini alkawari a gaban mutanen nan. Duk yaron da ya taɓa ruwan nan, mace da namiji, a kai shi asibiti a duba fitsarinsa. Ni ce ta ƙarshe da za ta shiga. Kuma a buɗe wa ruwan hanya.”

Malam Bala ne ya fara karyewa. Ya ce, “Inna, don girman Allah ki fito. Na ɗauki alkawarin, ni zan fara kai nawa.” Ba ta motsa ba sai da mai unguwa ya faɗa da bakinsa, kowa ya ji. Ni na miƙa mata hannu. Kafin la'asar ƙafafunta sun yi ruɗu-ruɗu da ƙuraje.

An kai yara. An ba Hanan ƙwayoyi, jinin ya tsaya, kumatunta suka dawo. Likita ya ce da an ƙara sakaci, mafitsara da mahaifa abin zai taɓa. Matasa suka fasa toshiyar da diga. Amma ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: ita ba a ba ta magani nan take ba, don maganin ba ya kashe tsutsar sai ta girma. Haka ta zauna makonni tana sane tsutsar na girma a cikin jininta, ga zazzaɓi, ga tari. Na je Wusasa duba ta, na tarar ta zabge. Na fashe da kuka. Ta ce, “Haba Maman Hanan, ni da na buɗe cikin kwaɗi shekara da shekaru, ai sun rama ne.” Tana samun sauƙi ta dawo da bokitinta.

Malama, ke ce kika ji tsoro kika shiga duk da haka. Ke ce aka ɗaga wa dutse kika roƙa wa 'ya'yan masu dutsen magani. Uwar yaran da ba ki haifa ba. Hanan ta yi aure bara, tana da ciki yanzu, kuma duk lokacin da na dube ta sai na tuna ƙafafunki. Na gode. Allah ya saka miki, ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya raya miki zuri'a.

Ku kuma 'yan birni, ba don ku ce Allah sarki na rubuta wannan ba. Ku zagaya ku gani: ana ta cike magudanai ana ɗora shaguna, ruwa yana kwana inda ba ya kwana da. 'Ya'yanmu masu karatun kimiyya kowa ofis mai sanyi yake nema, ba mai son warin taɓo. Ni dai tsoro nake ji, kuma ba zan ɓoye ba. Ranar da ta zo sallama ta bar takalman a zauren gidanmu, ta ce a ba duk wanda zai ci gaba. Suna nan a jingine, ba wanda ya zo tambaya. Jiya kuma aka yi ruwan fari, kwaɗi sun fara kuka a bayan gida.