Yajin Meksiko da Hancin Kakata

Kakata ta zo Riyad ne bayan ta yi Umra. Abba ya je ya taho da ita don ta ɗan zauna tare da mu a gidanmu na unguwar Malaz kafin ta koma Kano. Ita ta haifi Abba. Kafin zuwanta a waya kawai na san ta, kuma kullum tana kawo wayar kusa da fuskarta har ba a ganin komai sai gilashinta da hancinta. Nakan gaishe ta da sauri in miƙa wa Yaya wayar in bar wurin. A Riyad aka haife ni, makarantarmu ta Larabci ce, da Larabci muke faɗa da ƙawayena mu shirya. Ina jin Hausa sarai, amma idan zan yi ta sai na fara jera kalmomin a raina, kafin in gama jerawa an bar zancen.

Ranar da ta iso na durƙusa na gaishe ta yadda Umma ta koya mini. Ta sa yatsu biyu ta ɗago haɓata, ta dube ni sama da ƙasa.

"Wannan ce Balarabiyar? Kai, amma an yi mummuna a nan. Wannan hanci a ina kika tsinto shi? Ba dai a danginmu ba."

Kowa ya yi dariya, har Abba. Ni kuwa na shige ɗaki na tsaya gaban madubi ina duban hancina ta gefe.

Haka aka ci gaba. In na kawo mata shayi, sai ta ce na yi mata rowar sukari. In na wuce a hankali, ta ce ina tafiya kamar mage ta ga kifi. Yaya kuwa, wanda aka haifa a Kano ya yi rarrafe a tsakar gidanta, "maigidana" take ce masa. Shi kuma ya ce, "Tsohuwa, ai na sake ki tun bara, takardar ce ba ta iso ba." Ta jefe shi da matashin kujera, su yi ta dariya. Ni abin tsoro yake ba ni, don a gidanmu ba a mayar wa babba magana. Na yanke a raina cewa shi tana son sa ne saboda ita ta goya shi, ni kuwa baƙuwa ce a wurinta. A ɗakina take kwana. Na san ƙamshin man zafin da take shafa wa gwiwarta, na san takan ajiye silifas ɗinta ɗaya a kan ɗaya a gefen gado, na san da wane yatsa take fara jan carbi. Amma bayan "ina kwana" da "sannu" ban taɓa haɗa mata magana cikakkiya ba, ga shi kwanakin tafiyarta sun matso.

Abin da ya kai mu gidan abincin Meksiko kuwa, yaji ne. Kaka ta ce ƙasar nan akwai albarka amma babu barkono. Kabsa, wato shinkafar Larabawa da nama, ta sa mata suna abincin mai jinya. A jakarta akwai wata 'yar kwalbar man shafawa da aka wanke aka cika da yajin da ta daka da hannunta, duk inda aka zuba mata abinci sai ta fito da ita. Wani abokin aikin Abba ne ya gaya masa cewa mutanen Meksiko suna cin barkono kamar mu. Asabar ɗin ƙarshe kafin ta tafi, bayan Azahar, Abba ya ce, "Yalla, maza ku sa abayoyinku, yau za mu kai Hajiya inda za ta bar kwalbar nan a jaka."

"Mu je mu gani," in ji Kaka, ta ƙara cusa kwalbar can ƙasa.

Gidan abincin yana arewacin gari, inda gine-ginen duk gilashi ne. Daga ciki an shafe bango da ruwan ɗorawa da shuɗi, an rataye 'yan takardu masu launi da aka yanyanka musu ado, iskar na'urar sanyi tana kaɗa su. Wani kiɗa mai kakaki yana tashi ƙasa-ƙasa. Kaka ta tsaya ta dubi manyan hulunan kaba da aka manna a bango.

"Malfuna. Su ma manoma ne ke nan."

Aka zaunar da mu a wata kusurwa mai doguwar kujera. Abba da Yaya suka zauna gefe ɗaya, ni na faɗo tsakanin Kaka da Umma. Umma ta zauna a bakin kujera kamar kullum in tana gaban surukarta, hannuwa a cinya, murya ƙasa. Mai kawo abincin ɗan Filifin ne, yana da ɗan tabo a gira. Ya ajiye kwandon soyayyen abu na masara, siriri mai kusurwa uku, da wani koren abu a turmin dutse ƙarami. Kaka ta dangwala ta ɗanɗana.

"Fiya ce aka kirɓa da albasa. Shi ne har da turmi?"

Amma na lura ta sake dangwala, ta kuma jawo turmin kusa da ita kaɗan.

Aka kawo wani jan abin sha da ƙanƙara, mai suna mai wuyar faɗa. Ta kurɓa, ta ajiye kofin, ta dubi Abba.

"Kai, zoɓo ne. Ka ɗauko ni ka ratsa gari da ni don in sha zoɓo."

"Na Meksiko ne, Hajiya."

"Ko na Sin ne, babu citta."

Sai Abba ya miƙo mini takardar abincin ya ce in karanta wa Kaka in fassara mata, tunda na fi kowa saurin Larabci. Na fara a hankali. Nama da tattasai a kasko. Kaza a naɗe cikin gurasa. Shinkafa da tumatir.

"Ɗaga murya, ko kuɗi ake biya in an yi magana a ƙasar nan?"

Na ɗaga kaɗan. Na iso wurin waken da suke dafawa, wanda launinsa baƙi ne wuluk. Na san kalmar, na kuma san akwai harafin da ake matse maƙogwaro a cikinta, amma harshena ya zame.

"Akwai bakin wake," na ce.

Kaka ta juyo gaba ɗaya. "Wake mai baki? To a kawo shi. Allah ya sa ya fi ki magana."

Yaya ya kwashe da dariya har yana buga tebur. Abba ya rufe baki da hannu. Na ce zan wanke hannu, na tashi ina kallon tayil ɗin ƙasa, shuɗi da fari, shuɗi da fari, har na isa wurin wanke hannu na mata.

Umma ta biyo ni. Ta same ni na sa hannu a ƙarƙashin famfon nan mai zuba da kansa, ruwan ya tsaya ban cire hannun ba.

"Mene ne, habibti, 'yar lelena?"

"Ba ta sona," na ce da Larabci, don ya fi mini sauƙi.

"Wa?"

"Kaka. Tun da ta zo take zagina. Mummuna ce ni, marowaciya ce ni, ban iya magana ba."

Umma ta fara dariya, sai ta ga fuskata a madubi ta daina. Ta yi salati a hankali.

"Wai ba ki sani ba? Wasan jika ne fa. Jira take ki rama."

"In rama? Ke kika ce kada in mayar wa babba magana."

"Kowa babba ne, ban da kaka." Ta ciro takarda ta goge mini hannu kamar ƙaramar yarinya. "A gida ba a gaya wa yaro wannan, tashi yake ya gani. Ke kuma ba ki gani ba. Jiya a kicin ta tambaye ni, ta ce wai ƙyamarta kike yi ne ko tsoronta, duk abin da ta jefa miki sai ki bar shi a ƙasa. Har muryarta ta canza da take faɗa."

Na tuna safiyar da ta ce gashina kamar tsintsiyar laushi, sannan ta tsaya da kofin shayi a hannu tana kallona, ba ta sha ba, har na fita daga ɗakin.

"To me zan ce mata?"

"Ni ba ruwana. Surukata ce, ko ƙwayar idonta ba na kallo. Ke ce mai lasisi."

Da muka koma an kawo abinci. Naman yana ta soyuwa a kaskon ƙarfe, hayaƙi yana tashi. Kaka ta ce tsire ne ya rasa tsinke. Ta ƙi cokali, ta yagi gurasar masara ta naɗe nama da tattasai da yatsu uku, ko ɗigo bai zuba ba, kamar ta shekara tana cin abincin. Ta ɗebi baƙin waken ta ɗaga shi kusa da gilashinta, ta ce duk tsawon rayuwarta a magana kawai take jin sunansa, yau ga shi a kwano. Ta ɗanɗana jar miyar da aka ajiye a gefe ta taɓe baki.

"Tumatir ne ya sa jan riga." Hannunta ya nufi jaka.

"Dakata, Hajiya," in ji Abba. Ya kira mai kawo abincin ya ce masa ya kawo mafi zafin da suke da shi.

Mutumin ya dawo da wani ɗan kwano da bai fi murfin kwalba ba, da wani abu mai launin ruwan lemo a ciki. Ya ajiye shi a gaban Kaka da hannu biyu.

"Mama, shwayya shwayya," ya ce, wato kaɗan-kaɗan.

"Me ya ce?"

"Ya ce ki yi a hankali," in ji Abba.

"Gaya masa tun ba a haifi uwarsa ba nake daka barkono."

Ta juye kusan rabi a kan lomarta ta kai baki. A daidai lokacin Yaya ya tashi ya tafi wanke man da ya ɗiga masa a riga.

Ni ce kusa da ita, don haka ni na ga komai. Ta tauna sau biyu ta tsaya. Gumi ya tsattsafo a ƙarƙashin gilashinta. A ƙarƙashin tebur ƙafarta ta fita daga silifas, yatsun suka naɗe. Ta haɗiye, ta gyara zama.

"Ba laifi," ta ce, murya a shaƙe.

Sai hawaye ya gangaro, ɗaya ta nan, ɗaya ta can. Hancinta ya fara zuba. Ta ja bakin mayafi ta yi kamar tana gyara shi. Abba ya ƙura wa kaskon ido, don ba zai yi wa mahaifiyarsa dariya ba. Umma ta duƙufa tana jera wake a gefen faranti. Yaya ba ya nan. Tebur ya yi tsit, sai kakakin nan da ke tashi daga bango. Na gane cewa shirun nan ba mai iya cike shi sai jika, kuma ni kaɗai ce jika a wurin.

Na jera kalmomin a raina. Na sake jera su. Na tura mata kofin zoɓona, na ce:

"Tsohuwa, rasuwa aka yi?"

Ta juyo da jajayen idanu. Ban bari na tsaya ba, don na san in na tsaya shi ke nan.

"Kuma hancin da kika ce ba na danginku ba ne, ga shi nan yana zuba. Irin nawa ne sak."

Cokalin Umma ya faɗi a faranti. Kaka ta cire gilashi ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sai dariya ta ƙwace mata haɗe da tari, tana yi tana dukan cinyata, hawayen barkono da na dariya suka gauraye.

"La'ilaha illallahu! Ashe akwai harshe a bakin nan! Kai, ka ji 'yarka? Ni ce tsohuwa?" Ta kwankwaɗi zoɓon ta shanye. "Mummuna mai bakin wake. Za ki gani, sai na aske miki kai kina barci."

"Ke kike fara barci," na ce. "Har da minshari."

Abba ya kasa riƙewa. Yaya ya dawo ya tarar da mu haka, yana ta tambayar me aka yi, ba wanda ya tsaya ya ba shi labari. Ya ce, "Matata, me suka yi miki?" Kaka ta ce masa ya zauna, ai ya ce ya sake ta, yanzu ta yi ƙawa.

Kwalbar yajin ba ta fito daga jaka ba ranar. Da za mu tashi, Kaka ta sa na gaya wa mai kawo abincin ya zuba mata ragowar barkonon a ɗan mazubi, wai akwai wata maƙwabciyarta a Kano mai cika baki da za ta kai wa tsaraba. Ni na faɗa masa da Larabci, ita kuma ta tsaya a bayana tana cewa in ɗaga murya.

A mota rana ta yi sanyi, inuwar dogayen gine-gine tana wucewa ta kan cinyoyinmu. Kaka ta ɗora hannunta a kan gwiwata, yana ƙamshin albasa da lemon tsami. Ta ce gwiwar duk ƙashi ce kamar ta akuyar rani. Na fara jera amsa a raina, na ɗauki lokaci, har muka wuce fitilar kan hanya muka shiga layinmu. Ba ta ce komai ba, ba ta kuma ɗauke hannun ba. Jira take.