Ranar da 'Yan Wasana Suka Girbe Mini Fim

Har yau akwai masu cewa Babanmu ne ya hana ni ƙarasa fim ɗin nan. Wasu sun ce saurayin da ya fito a ciki ne ya yaudare ni, na yi zuciya na watsar. Matan layinmu kuwa har gishiri suka ƙara, wai fasto ne ya kira ni ya yi mini tatas. Duk ba haka ba ne. Ba wanda ya hana ni, ba wanda ya yaudare ni. Dawa aka girbe, shi ke nan. Bakina ya gaji da maimaitawa, bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Shekarun baya, bayan na gama sakandare, ina tsaron shagon yayana a Funtua, inda yake sayar da caja da murfin waya. Aikin zama ne da korar ƙuda. A wannan zaman na ci karo da hirar wata Ba'amurkiya a waya. Turancina na sakandare ne, rabi nake kamawa, rabi in cike da kaina, amma na gane labarinta. Ta yi shekaru tana yawon neman a sa ta a fim, kullum sai a ba ta mai kawo shayi, ko ƙawar amarya wadda ba ta cewa uffan. Da ta gaji, ta zauna ta rubuta nata labarin, ta tara ƙawayenta, ta ba da umarni da kanta, ta kuma fito a ciki da kanta. An zage ta, an yaba mata, ta sake yin wani. Mace ɗaya, aiki uku.

Na bi ta kamar mai bin bashin gaisuwa. Duk hirar da na samu sai na kalla. Daga ƙarshe na ce, to me ta fi ni? Kai ɗaya gare ta, ni ma haka.

Da damina ta yi nisa na koma ƙauyenmu, can bayan Malumfashi, da labari a kaina. Labarin wata yarinya ce da ta ƙi zaman ƙauye, saurayinta yana lallashinta ta tsaya. Kullum a gona suke haɗuwa, ƙarƙashin wata ɗorawa. A ƙarshe za ta juya masa baya, ta kutsa cikin dawa, dawa ta haɗiye ta, shi kuma ya tsaya yana kallon ganye yana motsi. Wannan ƙarshen shi ne fim ɗin gaba ɗaya. Saboda shi na rubuta sauran.

Gonar Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ita ce daidai: ga ɗorawa a tsakiya, ga dawa ta fi mutum tsawo. 'Yan wasa na kwaso su daga matasan majami'armu. Abokina, wani ɗan acaba mai dogon wuya, shi ne saurayin. Ni ce yarinyar, ni ce mai labari, ni ce mai tsawa. Ƙawata ce mai ɗauka, don wayarta ce kaɗai mai hoton kirki, tawa kamar ta cikin kunu take gani. Matsalar ita ce tana koyon ɗinki a Funtua, sai Lahadi take zuwa gida. To fim ɗin ya zama na ranar Lahadi bayan an tashi sujada.

Lahadin ma ba kowace ba. Yau an yi rasuwa, wani makon ɗaurin aure, na gaba abokina yana kwance da zazzaɓi, na gaba kuma kowa ya tafi karyar masara. In na yi faɗa sai su ce, “Darakta, a yi haƙuri, ciki ne gaba da wasa.” Daraktar nan da suke kirana ba girmamawa ba ce, na sani. A haka dai muka lallaɓa har muka ɗauki komai, saura ƙarshen nan kawai. Ban lura ba ashe dawa ba ta jirana. Ganye ya fara ja, zangarniya ta sunkuya.

Wata ranar Alhamis na tarar da mahaifiyata ta jiƙa gero a babbar roba.

“Mama, taron me za a yi?”

“Kunun gayya. Jibi za a sare dawar Kawunki.”

“Wace dawar?”

“Guda nawa gare shi?”

Ko takalmi ban tsaya nema ba. Na same shi a ƙofar gida yana wasa magirbi. Na durƙusa na gaishe shi a gurguje, na ce, “Kawu, don Allah a ɗaga gayyar nan zuwa Litinin. Lahadi kawai nake so.”

Ya dube ni ta saman ido. “Ɗiyata, kin gaya wa tsuntsaye? In sun yarda su yi azumi har Litinin, ni ma na yarda.”

“Kawu, da gaske nake.”

“Ni ma da gaske nake. Na riga na kira mutane, kowa ya ajiye aikinsa, an gaya wa makaɗi. Wanda ya kira gayya ya fasa, baɗi ya kira ya gani ko kare zai amsa masa.”

Wanda bai san gayya ba, aikin taro ne: yau matasan gari su taru a gonarka, gobe a gonar wani, kai naka abinci da kunu. Ba a ɗaga ta don ciwon kai, balle don wasa. Na sani sarai, a cikinta na girma. Sai na sauko. Na ce to a bar mini ɗan gefe ɗaya kusa da ɗorawa, daidai inda mutum zai shiga ya ɓace. Ya yi dariya har da tari, ya ce, “Wannan mai sauƙi ne. Na bar miki. In tsuntsu ya ci, rabonki ya ci.” A gabana ya kira abokina, tunda shi ne kan gaba a matasa, ya gaya masa. Abokina ya dafa ƙirji ya ce, “Darakta, ki kwantar da hankalinki.”

Na kwantar.

Ranar Asabar da hantsi muka ɗauko kunu, ni da sauran 'yan mata. Tun daga nesa ake jin ganga da ihu. Da muka haura tudu sai na hango ɗorawa tsaye ita kaɗai, tsirara, kamar wadda aka yi wa aski. Kara duk a kwance. Ko ɗaya ba a bari ba. Kuma wa na gani a daidai gefen nawa, ba riga, gumi na zuba, makaɗi na bin sa yana zuga shi? Saurayin fim ɗina. Sauran 'yan wasana suna bayansa, har wanda ya fito a matsayin ubana.

Na sauke tulun a hankali, don in na sake shi a yadda nake ji, fashewa zai yi.

“Kai! Ina gefena?”

Ya share fuska, ya dubi wurin kamar yanzu ya fara ganinsa. “Darakta, wallahi na tuna. Har na wuce shi. Sai mai ganga ya ce wai ga kara can ya gagari maza.”

“Sai me?”

“Haba, ke ma kin sani. Mu tashi gayya mu bar kara a tsaye a bakin hanya? 'Yan ƙauyen gaba su wuce su ce mun kasa gona? Da wane ido zan shiga kasuwa?”

Wani daga baya ya ce, “A ba mu kunu tukuna, a yi shari'ar daga baya.” Aka kwashe da dariya. Kawu ya zo, ya duba, ya buɗe hannu. “Ni dai na bar miki. Mutanenki ne suka ƙi.”

Ni na zuba musu kunun. Har ƙari abokina ya nema.

Washegari ƙawata ta zo, na ce sai mun ɗauka ko ta halin ƙaƙa. Wata gonar ba za ta yi ba, ɗorawar nan ta fito a ko'ina cikin fim ɗin, kuma dawar da ke kusa duk a makon aka kwantar da ita. Na faɗi maganata ta ƙarshe, na juya wa abokina baya, na kama tafiya cikin fili fetal. Ina tafiya, ina tafiya, kututturen kara na sukar ƙafata. Can sai na ji muryar ƙawata daga nesa: “Ke! In ci gaba da ɗauka? Har yanzu fa ina ganinki!”

Na juyo. Abokina ya zauna a gindin ɗorawa yana ɓare gyaɗa.

Na ce a bari sai baɗi. Baɗi ta zo, Kawu ya shuka waken suya a wurin, abin da ko gwiwa bai kai ba. Abokina ya samu aiki a Kaduna, ya tara gemu da tumbi. Ƙawata ta canza waya, ta turo mini guntayen fim ɗin, suna nan ina jan su daga waya zuwa waya.

Ban daina bibiyar Ba'amurkiyar nan ba, sai dai yanzu da wani ido nake kallonta. Da can nasarorinta nake gani. Yanzu tazarar da ke tsakaninsu nake dubawa, shekarun da ba a ji ɗuriyarta ba. Ban san me ya cinye mata su ba, amma na san wani abu ne mai kama da gayya. Furfura ta fito mata, idonta ya faɗa, tana nan tana yi. Abin da hirarrakin ba su gaya mini ba shi ne, ita ɗakin da take ɗaukar fim ba ya nuna kamar dawa, tsuntsu ba ya cin sa, kuma ba mai zuwa da ganga ya zuga jaruminta ya rushe shi.

Ba na jin haushin kowa. Gajiya ce kawai, irin ta wanda ya ɗebo ruwa daga rafi ya zo ƙofar gida tulu ya fashe.

Bana na roƙi mahaifiyata ta yanka mini gefe a gayaunarta, 'yar gonarta ta kanta da ke bayan gida. Ba ɗorawa a wurin, akwai dai wata tsamiya, za ta yi. Zan sake labarin daga farko da wani saurayin, kuma ƙarshen zan fara ɗauka. Mama ta tambaye ni me zan shuka. Na ce dawa, doguwar nan ta gargajiya.

“Wa zai nome miki?”

“Ni.”

“Wa zai sare?”

“Ba kowa, sai ranar da na ce.”

Ta ce, “Ita Baturiyar taki noma take yi?”

Na ce a'a, ita aiki uku take yi. Ni huɗu ya kama ni.