Sai Likita Ya Yarda Zan Tashi Ni Kaɗai

Jiya muna gona a Gwandu jirgi ya gifta ta samanmu. Baba ya ajiye fartanya ya bi shi da kallo.

Wata huɗu ke nan da likita ya dakatar da takardar lafiyata saboda bugun zuciya. Ina ci gaba da koyon tuƙin jirgi, amma dole malami ya zauna gefena. Abokan karatuna duk sun tashi su kaɗai.

Baba ya ce, "Yaushe za ka gitta muna ta nan?"

Na ce, "Baba, wataƙila ba za a taɓa barina ba."

Ya ɗauki fartanyarsa, sannan ya ce, "Kai nika so da rai, ba jirgi ba."

A hanyar dawowa, har motar da na hau ta iso garin Kalgo hawaye nake sharewa. Jibi za a sake auna ni.

Ku da kuka taɓa irin wannan jira, yaya kuka daure?